Motar Da Ke Rawa A Tsaye: Mu San Ciwon Kafin Mu Sayi Magani

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau zancenmu a kan ƙaramar motar ɗaukar kaya ne, mai buɗaɗɗen baya. Mu nan muna ce mata bashe. Maƙwabtanmu na Najeriya suna ce mata a-kori-kura. Mutum ɗaya ke da ita, amma gari duka ke cin moriyarta. Ita ke kwaso albasa daga gonakin Galmi da Dogarawa zuwa bakin kwalta. Ita ke fito da tumatir da kabeji daga gonakin ban ruwa na Ƙonni. Ita ke kai awaki da tumaki kasuwar Badagishiri, ta komo da siminti daga Malbaza. In mace ta shiga naƙuda da tsakar dare a ƙauyen Tajaye ko Bazaga, ƙofar mai bashe ake bugawa.

Saboda haka ranar da bashe ta kwanta, hasarar ta kowa ce. Tumatir ba ya jiran makaniki. Dabbar da ta rasa ranar kasuwa sai wani mako, ga cin abinci, ga rama. Mai ciwo kuwa ba a ma magana.

Mota ba ta cika kwanciya farat ɗaya ba. Tana yin gargaɗi tukuna. Gargaɗin da aka fi gani shi ne ta riƙa rawa tana tsaye. A motocin zamani kuma wata fitila takan kama a gaban direba. Waɗannan abubuwa biyu za mu duba.

Mene ne rawar tsaye?

In an tada mota, ba a sa giya ba, ba a taka totur ba, inji yana juyawa shi kaɗai a hankali. Direbobinmu suna ce wa wannan ralanti, na ƙetaren iyaka suna cewa sulo. Inji mai lafiya, in ya ɗumama, yana juyawa kamar sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. A allon gaban direba, a motoci da yawa, akwai agogo mai lambobi 1, 2, 3 zuwa sama. Kowace lamba juyi 1,000 ce. Allurar ta zauna ƙasa da 1 kaɗan, ta tsaya cik.

Da asuba lokacin sanyi allurar takan hau sama da 1, sannan ta sauko in inji ya yi ɗumi. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne ka ga allura tana hawa tana sauka, sitiyari yana kaɗawa a hannu, madubi yana karkarwa, salansa tana tari, wani lokaci inji ya mutu in an tsaya a shingen jandarma. Direba yakan ce ai da an taka totur rawar ta ɓace. Haka ne, gudu yana rufe ta. Amma ciwon yana nan, yana shan mai, yana cin inji a ɓoye.

Abubuwa huɗu da inji ke bukata

Duk wanda ke noman rani ya san injin ban ruwa. Ya sha kwance bujinsa ya goge, ya sha wanke kafireto. To, injin mota babban wansa ne. Injin ban ruwa tukunya ɗaya gare shi, wadda ake ce wa silinda. Yawancin bashe huɗu gare su, a jere. A yawancinsu ana ƙirga su daga gaban mota: na kusa da lagireto shi ne na 1, na kusa da direba shi ne na 4.

Kowane silinda yana bukatar abu huɗu. Na farko iska mai tsabta. Na biyu mai, daidai gwargwado. Na uku wuta a kan lokaci. Na huɗu matsi, wato fistin ya matse iska da mai sosai ba tare da sun tsere ba. Iskar da inji ke sha ba kaɗan ba ce: kilo 1 na fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone da kyau. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza a silinda ɗaya, sauran ukun ke jan nauyinsa. Kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ya yi ɗingishi, garma sai ta riƙa fizga. Wannan fizgar ita ce rawar da muke ji.

Motocin da, da na yanzu

Dattawa sun san zamanin Peugeot 404 da 504. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta suka cika kasuwannin ƙasar Hausa. Waɗannan motoci kafireto ke raba musu mai, delko ke raba musu wuta. Makaniki da kunnensa da sukundireba ɗaya yakan daidaita ralanti.

Yau Toyota Hilux ta fi yawa a hanyoyinmu. Japan ta fara ƙera ta a 1968, kuma an sha sake mata siffa. Sababbin ba su da kafireto. Akwai wani ƙaramin akwati a cikinsu, kwamfuta ce, makanikai suna ce mata ƙwaƙwalwar mota. Ita ke auna mai da lokacin wuta. Tana da ƴan rahoto a wurare daban-daban, ana ce musu sansa. Ɗaya yana auna iskar da ke shiga. Ɗaya yana auna zafin ruwan inji. Ɗaya yana ƙirga juyin inji. Ɗaya yana cikin salansa yana sansanar hayaƙi. Kowanne yana aika labari ta waya.

In wani labari ya zo mata ba daidai ba, kwamfutar takan yi abu biyu. Ta kunna fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban direba. Ta kuma rubuta wata lamba ta ajiye a cikinta. Wannan lamba ita ce sunan ƙorafin da motar ke yi.

Da can kowane kamfani da irin lambobinsa. A 1996 Amurka ta tilasta duk ƙananan motocin da za a sayar a ƙasarta su bi tsari ɗaya, ana kiransa OBD-II. Ƙasashen Turai suka bi, motocin fetur a 2001, na gazuwal a 2004. Shi ya sa motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko ta Lome, in ta bayan waɗannan shekaru ce, lambarta ɗaya da ta ko'ina a duniya.

Abin da fitila ke faɗi

In ka murɗa makulli ba ka tada inji ba, fitilun allo duka su kama. In inji ya tashi, su mutu. Wannan shi ne lafiya.

In fitilar inji ta zauna a kunne, motar tana cewa a duba ni. Kana iya ƙarasa tafiya a hankali, ka kai ta garaji cikin kwanakin nan. In kuwa tana ƙyaftawa, inji kuma yana rawa, to wani silinda ne ba ya ƙona mansa. Ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa, yana iya ƙona matatar hayaƙi da ke ciki, mai tsadar gaske. Rage gudu, ka nemi wurin tsayawa.

Jar fitila ta fi wannan haɗari. Mai siffar buta ta baƙin mai ce. Mai siffar ma'aunin zafi ta ruwa ce. In ɗayansu ta kama kana tafiya, kashe inji nan take, ko da gari na gabanka kana hangen rumfunansa. Tafiyar kilomita 2 babu baƙin mai ta isa ta kashe inji.

Yadda ake karanta lambar

Ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wata kafa mai ramuka 16. Nan makaniki ke sa na'urar bincike. Wata na'urar tana da allonta. Wata ƙarama ce kamar akwatin ashana, tana aika lambar cikin wayar salula.

Lambar baƙi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. Misali P0302. Baƙin farko yana faɗin unguwar da ciwo yake. P na inji ne da giya. B na jikin mota ne. C na ƙafafu ne da birki. U na wayoyin da kwamfutoci ke magana da juna ne. Ba mu cika gamuwa da P a rubutun Hausa ba, sai a kula da shi: sanda ce mai ƙulli a sama ta hannun dama. Abin da ke bin sa kuwa sifiri ne, kada a ɗauke shi baƙin o.

In alƙalami na farko 0 ne, lambar ta kowa da kowa ce. In 1 ne, ta kamfanin da ya ƙera motar ce, sai an duba littafinsa. Ga waɗanda aka fi gani in mota tana rawa a tsaye:

P0300: wuta tana tsallake a silinda fiye da ɗaya.
P0301, P0302, P0303, P0304: wuta tana tsallake a silinda na 1, na 2, na 3 ko na 4. Alƙalamin ƙarshe shi ne lambar silindan.
P0171: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan.
P0172: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.
P0101: labarin mai auna iska bai yi daidai ba.
P0505: abin da ke riƙe ralanti ba ya aiki daidai.
P0401: hanyar da ke maido da wani kashi na hayaƙi cikin inji ta toshe.
P0087: ƙarfin turin mai ya yi ƙasa.

Tsofaffin Toyota masu kwamfuta, na kafin wannan tsari, su ma suna magana. Makaniki yana haɗa kafa biyu da guntuwar waya, masu suna TE1 da E1, a wani ƙaramin akwati kusa da inji. Sai fitila ta fara ƙyaftawa, a ƙirga. Ƙyaftawa biyu, shiru kaɗan, ƙyaftawa biyu, 22 ke nan, wato a duba mai auna zafin ruwa da wayarsa. Tsohuwar bashe mai kafireto kuwa ba ta da lamba ko ɗaya. Ita sai ido da kunne.

Lamba tana nuna hanya, ba ta kai mutum gida

Nan ne mutane da yawa ke hasarar kuɗi. Makiyayi ya san in saniya ta ƙi kiwo, alama ce. Ko ƙaya ce a baki, ko ciwon ciki, ko ta haɗiye leda. Ba ya sayen allura sai ya duba. Lambar mota ma haka take.

Mu ɗauki P0302. Ta ce silinda na 2 ba ya ƙona mai da kyau. Ba ta faɗi dalili ba. Yana iya zama buji, wanda a Najeriya ake cewa fulogi. Yana iya zama kwayil, mai ba buji wuta. Yana iya zama bakin feshin mai, wanda makanikai ke cewa anjekta ko nozul. Yana iya zama bawul ya ƙone. Buji kuɗinsa kaɗan ne. Gyaran bawul sai an buɗe kan inji. Tsakaninsu akwai kuɗin buhunan albasa masu yawa.

Makanikin kirki yana da dabara wadda ba ta cin ko dala. A motar da kowane silinda ke da kwayil nasa, sai ya cire na silinda na 2 ya sa a na 3, na 3 kuma ya komo na 2. Ya share lamba, ya tada mota. In lamba ta koma P0303, ciwo ya bi kwayil, shi za a saya. In ta tsaya P0302, kwayil ba shi da laifi. Sai ya yi wa buji irin wannan musanya. Haka ake bin sawu har a kama ɓarawo.

Haka kuma P0171. Wasu da sun gan ta sai su ce sansan salansa ya mutu. Sau da yawa sansan gaskiya ya faɗi. Wani tiyon roba ne ya tsage, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. In aka canza ɗan rahoto aka bar tsagar, bayan kwana kaɗan fitila ta dawo.

Mu fara da mai araha

Kafin a je garaji, akwai abin da direba da yaron mota za su iya dubawa da kansu.

Na ɗaya, matatar iska. Wannan ƙasa tamu ta ƙura ce. Daga Tsarnawa zuwa Tawa akwai kwalta, amma da ka sauka zuwa ƙauyuka sai jar ƙasa da rairayi. Lokacin hunturu kuma buji na ƙura ke rufe gari. Buɗe akwatin matatar, ka fito da ita, ka ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsa ta, ta toshe. Kakkaɓe ta a hankali. In za a hura mata iska, a huro daga gefen da ke da tsabta zuwa gefen ƙura. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. In ta yage, a sake sabuwa. Kada a yi tafiya babu ita ko sau ɗaya, domin rairayin da ya shiga inji yana cin silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Na biyu, tiyo da wayoyi. Zafin bazara yana busar da roba har ta tsage. Tada inji, ka buɗe murfinsa, ka kasa kunne. In ka ji wani sauti siriri kamar hucin maciji, iska ce ke shiga inda bai kamata ba. Duba babban tiyon da ya taso daga matatar iska, musamman cikin lanƙwasarsa ta ƙasa. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuma, a duba wayoyinta, ɓera yana son su. Kan batir ma ya zama a ɗaure tam, babu farin gari a kansa. Kwamfuta ba ta son wuta mai yankewa.

Na uku, mai. Tun 2011 ƙasarmu ke tace man kanta a matatar SORAZ ta Damagaram. Duk da haka mu mutanen bakin iyaka mun saba da man kwalba na gefen hanya, domin ba kowane ƙauye ke da gidan mai ba. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin fetur, man da ke ƙetarowa ya yi tsada. Masu sayar da man kwalba da yawa mutanen kirki ne. Amma duro yana tsatsa, jarka tana tara ƙura, ruwan damina yana shiga, kuma in abu ya yi tsada ba a rasa mai gauraya. Tambayi kanka: yaushe rawar ta fara? In bayan shan mai ne a wani wuri, to ka sami bakin zaren. Zuba man a farar kwalba ka ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. In dole sai man kwalba, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, kuma a riƙa sake matatar mai da wuri. Kada a bar tanki yana kaiwa ƙasa, domin can ne datti ke kwanciya.

Na huɗu, buji. Bari inji ya huce, a kwance su ɗaya bayan ɗaya, a jera su yadda suke. Bakin buji yana ba da labari. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa cikin silinda. Fari fat, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi. In uku sun yi kama, ɗaya ya bambanta, ka san silindan da ke ɗingishi ko babu na'ura.

In duk waɗannan lafiya suke, saura aikin makaniki. Zai wanke maƙogwaron da iska ke bi, inda baƙin datti ke taruwa ya shaƙe ralanti. Zai auna ƙarfin famfon mai. Zai auna matsin kowane silinda da agogonsa. Akwai kuma wani abu da ba ya ba da lamba: robobin da inji ke zaune a kansu. In sun mutu saboda ramukan hanya da lodi, mota za ta yi ta kaɗawa alhali inji lafiya lau yake.

Masu motar gazuwal

Injin gazuwal ba shi da bujin wuta. Matsi kaɗai ke kunna mansa. Abin da yake da shi ƙananan sanduna ne masu ɗumama silinda kafin tashi. In sun mutu, mota takan yi wuyar tashi da sanyin safiya, ta yi rawa da farin hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ta daidaita.

Babban maƙiyin gazuwal ruwa ne da datti. Ƙarƙashin matatar mai akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan marfi na zubarwa. Akwai fitilarsa a allo. In ta kama, a tsaya a zubar da ruwan. Iska ma in ta shiga tiyon mai tana sa rawa.

Tsohon injin Hilux mai suna 5L da na Land Cruiser mai suna 1HZ suna da haƙuri. Sababbi irin su 2KD da 1KD, waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshinsu, ba su da wannan haƙuri. Ramukan anjektansu ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti ya isa ya ɓata su, kuma guda ɗaya kuɗi ne mai yawa. Ƙarfin turin mai a cikinsu yana wuce awo 1,000, alhali iskar tayar mota ba ta kai awo 5 ba. Kada kowa ya sassauta ƙarfen bututun mai inji yana aiki, kada kuma a shafa da hannu ana neman yoyo. Man yana iya huda fata ya shiga jiki.

Hayaƙi ma shaida ne

Tsaya bayan mota wani ya taka totur. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa: fara da matatar iska. Shuɗin hayaƙi, inji yana ƙona baƙin mai, alamar tsufa ce ko zoben fistin ya ci. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa kullum, ruwa ne ke shiga silinda. Wannan kada a yi masa jinkiri.

In an je garaji

Makanikanmu na Ƙonni da Malbaza da Illela akwai gwanaye a cikinsu, kuma gwani yana son mai mota da ya san abin da ya kawo shi. Kada ka ce kawai, “Maigida, motar ba ta da lafiya.” Ka ce, “Maigida, yau kwana 5 tana rawa a tsaye. In ta yi zafi ta fi yi. Ta fara ne bayan na sha mai ranar kasuwa. Hayaƙinta baƙi ne.” Ka rage masa rabin aiki, ka rage wa kanka rabin kuɗi.

In ya sa na'ura, ka ce, “Don Allah in ga lambar.” Ka rubuta ta a littafinka, da kwanan wata, da lambar kilomita da ke allo. A rubuta kafin a share. Share lamba ba gyara ba ne, kashe fitila ne kawai. In ba a taɓa ciwon ba, za ta dawo, wataƙila kana tsakiyar daji da lodi. Cire kan batir don fitila ta mutu shi ma haka ne, har ya fi muni a wasu motoci, domin yana goge shaidar da makaniki zai yi aiki da ita.

Kafin ka biya kuɗin wani ƙarfe, ka tambaya, “Yaya aka gane shi ne ya mutu?” Mai gaskiya zai nuna maka. A sake abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. In aka sake abu huɗu lokaci ɗaya, ba wanda zai san wanne ne mai laifi, kuma ukun kuɗinka ne ya tafi. Tsohon da aka cire, ka karɓi abinka. Wajen saye kuma a tuna araha ba ta ado. Jabun buji da jabun sansa sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu da kyau, kwanansu kaɗan.

Ƙungiyar manoma da ke da motar haɗin gwiwa, ta ajiye littafi ɗaya cikin motar. Ranar juyen baƙin mai, ranar sake matata, wurin da aka sha mai, lambar da na'ura ta nuna, abin da aka biya. Ranar taro a karanta wa kowa. Wannan littafi yana kashe zargi tsakanin direba da ƴan ƙungiya.

Mai niyyar sayen bashe ta hannu, ga gwaji ɗaya. Murɗa makulli ka duba ko fitilar inji ta kama kafin a tada. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don a ɓoye ciwo. Ka je da safe inji yana da sanyi, ka tada da kanka, ka bar shi ya yi ralanti har ya yi zafi. Ka kuma nemi a sa na'ura a gabanka kafin ka sayar da bijiminka.

A kiyaye rai

Kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki ko shago. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, tana sa barci, mutum ba ya farkawa. Kada a kusanci fetur da taba ko fitilar kwai. A naɗe hannun riga, a cire rawani ko a ɗaure shi kafin a sunkuya kan inji, domin fanka da bel ba su da tausayi. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. A ja birkin hannu, a sa dutse ƙarƙashin taya, a kori yara daga gaban mota.

Lokacin duba mota shi ne kafin aiki ya taso: kafin cirar albasa, kafin kasuwannin babbar Salla, kafin ruwan farko ya ɓata hanyoyi. Rawar da aka ji yau, ƙila matatar iska ce ko buji ɗaya. In aka bar ta wata uku tana iya zama inji gaba ɗaya. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu da yaron motarsa, su kwafi lambobin nan su ajiye cikin mota. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya da kayansa.